Mike Hailwood: Gwanin Da Doka Ta Sauke Daga Kan Babur

A shekarar 2024 hukumar kula da tseren babura ta duniya, wato FIM, ta sanar da cewa daga 2027 za a rage girman injin baburan gasar MotoGP daga cc 1000 zuwa cc 850, a kuma haramta na'urar nan da ke durƙusar da babur don ya fizga da ƙarfi wajen tashi. Tun daga lokacin masu sharhi ke ta kirdadon wanda zai ci moriyar sauyin. Shin kamfanin Ducati na Italiya, wanda Marc Márquez ya ciyo wa kambun 2025, zai ci gaba da jan zarensa, ko kuwa Honda da Yamaha za su farfaɗo? Ni dai duk lokacin da na ji wannan muhawara mutum guda ke faɗo mini a rai, wani Bature ɗan Ingila mai suna Mike Hailwood.

Na san mai karatu zai ce ina ruwan biri da gada. Mu a Dudunni da sauran garuruwan Kankiya da Kusada babur abin neman abinci ne, shi ke kai taki gona, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Harshenmu ma shaida ne. Doki mun ba shi sukuwa, mun ba shi kilisa, amma wanda ya zuba gudu a kan babur kalma ɗaya muka tanadar masa, ganganci. Sai dai kuma sunayen da ke jikin tankin baburan da iyayenmu suka hau a shekarun 1970 da 1980, Honda da Yamaha da Suzuki, a fagen tsere suka fara yin tashe, kuma Hailwood yana cikin waɗanda suka ɗaga su.

An haife shi ranar 2 ga Afrilu, 1940, a yankin Oxford. Mahaifinsa, Stan Hailwood, hamshaƙin dillalin babura ne, saboda haka da yaron ya fara tsere a 1957 yana ɗan shekara 17, abokan karawarsa kallon ɗan gata suka yi masa. Sun yi gaskiya, domin uban bai yi ƙyashin kashe kuɗi ba. To amma kuɗi na sayen babur ne, ba sa shan kwana. A 1959 ya ci tserensa na farko a gasar duniya. A 1961 ya zama mutum na farko da ya ci tsere uku cikin mako guda a tsibirin Man, inda ake zagaye hanyar mota mai tsawon kilomita 60 da 'yan kai, ta cikin ƙauyuka da kan duwatsu. A shekarar ce kuma ya ci kambun duniya na rukunin cc 250 a kan Honda, kamfanin da bai fi shekara biyu da shiga wannan fage ba. Daga nan kamfanin MV Agusta na Italiya ya ɗauke shi, ya ci masa kambun manyan babura na cc 500 sau huɗu a jere, daga 1962 zuwa 1965.

Komawarsa Honda a 1966 ta zo daidai da lokacin da kamfanonin Japan suka shiga wata irin gasar ƙere-ƙere da ba a taɓa gani ba. Dokar wancan zamani girman inji kawai ta ƙayyade, ba ruwanta da abin da ke cikinsa. Sai Honda ta raba injin cc 250 zuwa silinda shida, yana juyawa sau 18,000 a minti guda. Suzuki kuwa ta yi ɗan ƙaramin babur na cc 50 mai giya 14. Bakanikenmu na bakin tasha da ya saba da silinda ɗaya da giya huɗu zai fi kowa gane girman wannan al'amari. A kan baburan Honda Hailwood ya ci kambun cc 250 da na cc 350 a 1966, ya sake maimaitawa a 1967.

Kambun cc 500 na 1967 shi ne ya fi dacewa a tsaya a kansa. Babur ɗin da Honda ta ba shi yana da ƙarfi, amma ba ya jin linzami, ga yawan lalacewa. Abokin hamayyarsa kuwa, Giacomo Agostini, yana kan MV Agusta mai sauƙin sarrafawa. A tsibirin Man totur ɗin Hailwood ya yi sako-sako ana tsakiyar tsere, shi kuma Agostini sarƙarsa ta tsinke dab da ƙarshe, Hailwood ya yi nasara. A Monza ta Italiya ya ba da rata mai yawa sai giyarsa ta maƙale, ya ƙare na biyu. Da aka rufe kakar a Kanada, kowannensu ya ci tsere biyar, kuma bisa dokar ƙidaya sakamako shida mafi kyau kowannensu yana da maki 46. Sai aka koma ga wani sashe na doka da ba kowa ke karantawa ba: wa ya fi yawan zuwa na biyu? Agostini sau uku, Hailwood sau biyu. Haka kambu ya tafi Italiya.

Bai sami damar ramawa ba. FIM ta ga kuɗin da ake narkarwa ya fi ƙarfin ƙananan kamfanoni, sai ta shiga taƙaita yawan silinda da giya. Dokokin da suka fara aiki tsakanin 1969 da 1970 sun tsayar da giya a shida, sun tsayar da silinda a biyu ga rukunin cc 125 da cc 250. Honda, wadda hankalinta ya riga ya karkata ga motoci, ta janye a farkon 1968, ta kuma biya Hailwood fam 50,000 don kada ya hau wa wani kamfani babur a gasar duniya. Yana da shekara 27, yana da kambu tara da nasarori 76, yana kan ganiyarsa. Agostini ya sami fili fetal, ya lashe cc 350 da cc 500 duk shekara daga 1968 zuwa 1972.

A nawa ganin niyyar FIM mai kyau ce, kuma daga baya baburan Yamaha masu araha sun buɗe wa 'yan rabbana ka wadata mu ƙofar shiga gasa. Amma shekaru biyar ɗin farko an yi su ne kamar kokawar da aka san kaye tun kafin a buga ganga. Wannan ya sa nake ganin mai son sanin zakaran 2027 gara ya duba wane kamfani sabuwar doka ta yi wa daidai, da wanda zai iya gajiya ya tafi. Abu guda dai na yaba: an ba da sanarwa kusan shekaru uku kafin aiwatarwa. Mu kuwa a nan, da aka tilasta hular kwano a Janairun 2009, har ƙwarya aka ga 'yan acaɓa sun kifa a ka, kuma da Kano ta hana sana'ar a Janairun 2013, cikin 'yan kwanaki dubban magidanta suka wayi gari ba abin yi. Dalilan dokokin biyu masu ƙarfi ne, lokacin shiri ne aka hana mutane.

Hailwood ya koma tseren motoci, ya ci kambun Turai na Formula 2 a 1972. A 1973 a filin Kyalami na Afirka ta Kudu motarsa ta yi karo da ta Clay Regazzoni, wuta ta tashi, ya shiga cikin wutar ya jawo abokin karawarsa da ya suma, alhali tufafinsa shi ma sun kama. Ingila ta ba shi lambar jarunta ta George Medal. Haɗarin da ya yi a Nürburgring ta Jamus a 1974 ya lalata masa ƙafa, ya bar motar. Sai a 1978, yana da shekara 38, bayan shekaru 11 rabonsa da tsibirin Man, ya koma can a kan Ducati, ya kuma yi nasara. Ya ƙara wata a 1979 a kan Suzuki, ta 14 ke nan a wannan hanya, wadda tun bayan 1976 aka cire ta daga gasar duniya saboda yawan rayukan da ta ci.

A watan Maris na 1981, watan da Katsina ta yi rashin Sarki Usman Nagogo, gwanin doki da ƙwallon dawaki, Hailwood ya ɗauki 'ya'yansa biyu a mota ranar 21 ga wata domin sayo abincin dare kusa da gidansu a yankin Warwickshire. Wata babbar mota ta yi kwana a inda doka ta hana, motarsu ta afka mata. 'Yarsa mai shekara tara ta mutu nan take, ɗansa ya tsira, shi kuma ya cika a asibiti ranar 23 ga wata yana da shekara 40. Kotu ta ci direban babbar motar tarar fam 100.