Joseph Black, Likitan da Ya Gano Ɓoyayyen Zafi

An haifi Joseph Black a birnin Bordeaux na ƙasar Faransa cikin shekarar 1728. Ubansa ɗan kasuwa ne, mutumin Belfast. Ya yi karatun likita a Glasgow da Edinburgh, a ƙasar Sikotilan, ya gama a 1754. Bayan shekara biyu sai ya koma Jami'ar Glasgow yana koyarwa.

A zamanin nan masana sun ɗauka cewa da zarar ƙanƙara ta kai matsayin narkewa, ɗan ɗumi kaɗan ya isa ya mai da ita ruwa. Black bai yarda ba. Dalilinsa kuwa shi ne, da haka ne, da dusar ƙanƙarar da ta rufe duwatsu ta narke gaba ɗaya ranar da sanyi ya wuce, ambaliya ta cinye garuruwa.

Wajen shekarar 1761 sai ya gwada. Ya ajiye ƙanƙara da ruwan sanyi masu nauyi ɗaya a ɗaki mai ɗumi. Cikin rabin sa'a ruwan ya ɗan ɗumama, amma ƙanƙarar sai da ta kai sa'a goma da rabi kafin ta narke ta cim masa. Muddin tana narkewa, ma'aunin zafi bai motsa ba. To, ina zafin ɗakin ya shiga? Black ya gane cewa aikin narkarwar ne ya shanye shi, ya kira shi ɓoyayyen zafi.

Ga yadda lissafin yake a ma'aunin Salsiyas. In ka haɗa kilo ɗaya na ruwa mai digiri 80 da kilo ɗaya na ruwa mai digiri 0, za su daidaita a 40. Amma in ƙanƙara mai digiri 0 ka sa a madadin ruwan sanyin, za ta narke duka, ma'auni kuwa ya tsaya a kan 0. Haka kuma ruwa yake shan zafi in zai zama tururi. Shi ya sa randa take sanyaya ruwa: danshin da ya tsattsafo jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafin.

Black bai buga littafi a kan wannan binciken ba, ɗalibansa kawai ya yi ta koya wa. Ya rasu a Edinburgh a 1799. Tsohon ɗalibinsa John Robison ne ya tattara darussansa ya buga a 1803.

'Yan'uwana ɗalibai, ƙanƙarar da kowa yake gani yana wucewa, ita Black ya tsaya a kanta yana duba agogo. Mu ma mu riƙa gwada abin da aka faɗa mana.