Piyotar Kapitsa (1894–1984): Masani a Ƙarƙashin Mulkin Sitalin

Gabatarwa

A ƙarni na ashirin masana da yawa sun fita ƙasashen waje neman ilmi, da suka komo gida suka tarar da gwamnatin da ke bukatar ilminsu, amma ba ta da haƙurin sauraren ra'ayinsu. Wasu sun kame bakinsu sun tsira, wasu kuwa ko shirun bai cece su ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana rayuwar Piyotar Kapitsa, masanin kimiyyar fiziks na ƙasar Rasha, wanda ya riƙa gaya wa masu mulki gaskiya, kuma ya kai tsufa a gidansa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Kapitsa a shekarar 1894 a garin Kuronstad, kusa da birnin da daga baya aka kira Leningirad. Mahaifinsa injiniyan soja ne. Ya yi karatu a babbar makarantar fasaha ta wannan birni a hannun malaminsa Abram Yofe, ya gama a 1918, watau shekara guda bayan juyin juya halin da ya kawo 'yan kwaminis kan mulki. Ba a daɗe ba sai annobar nan ta marisuwa ta faɗa wa birnin, ga kuma yunwa. Tsakanin ƙarshen 1919 da farkon 1920 ya rasa mahaifinsa da matarsa da 'ya'yansa biyu. Ganin halin da yake ciki, sai Yofe ya sa shi cikin tawagar masana da ta tafi Turai a 1921.

Zamansa a Ingila

A Jami'ar Kambirij ya shiga ɗakin bincike na Kabendish, ƙarƙashin shahararren masani Anest Rudafod. Nan da nan hazaƙarsa ta bayyana, musamman wajen ƙera na'urori da hannunsa. Ya samar da ƙarfin maganaɗisu wanda ba a taɓa kaiwa gare shi ba a lokacin, daga bisani kuma ya koma binciken yadda abubuwa ke kasancewa cikin matsanancin sanyi. A 1927 ya auri Anna Kirilova, suka haifi 'ya'ya maza biyu. A 1929 aka zaɓe shi cikin Ƙungiyar Masana ta Sarkin Ingila, sa'an nan a 1933 aka buɗe masa ɗakin bincike nasa na kansa. Duk tsawon shekaru 13 da ya yi a can bai sake takardar zama ɗan ƙasa ba, kuma yakan kai ziyara gida akai-akai.

Komowarsa Gida

A irin wannan ziyara ce, a 1934, hukuma ta shaida masa cewa ba zai koma Ingila ba, domin Tarayyar Sobiyet na bukatarsa. Matarsa ta koma wurin yaran ita kaɗai. Rudafod da sauran masana sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma gwamnatin Sitalin ba ta sauya magana ba. Kapitsa ya yi watanni cikin baƙin ciki, kafin ya amince ya yi aiki bisa sharaɗin a kawo masa kayan aikinsa. Gwamnati ta sayi na'urorinsa daga Kambirij a kan fam 30,000, ta gina masa cibiyar bincike a Mosko, iyalinsa kuma suka iso a 1936.

A wannan cibiya ne, a ƙarshen 1937, ya gano abin da ya fi ɗaukaka sunansa. Idan aka sanyaya iskar hiliyom har ta zama ruwa, aka ci gaba da sanyaya ta zuwa wajen digiri 271 ƙasa da ma'aunin daskarewar ruwa, sai kaurinta ya ɓace, ta riƙa ratsa kafar da ba wani ruwan da zai iya ratsawa. An buga sakamakon a farkon 1938, daidai da lokacin da wasu masana biyu na Kambirij suka buga irinsa.

Wasiƙunsa ga Masu Mulki

Waɗannan shekaru su ne mafi muni a mulkin Sitalin, domin an kama dubban ɗaruruwan mutane bisa zargin zagon ƙasa. Wanda duk ya taɓa zama a waje shi ne abin tuhuma na farko. Alal misali, Leb Shubnikob, wanda shi ma masanin matsanancin sanyi ne da ya yi aiki a Holan ya komo gida a 1930, an harbe shi a 1937. A cikin wannan hali ne Kapitsa ya ɗauki alƙalami. Da aka kama masani Biladimir Fok a 1937, ya rubuta wa Sitalin, aka sake shi cikin 'yan kwanaki. Da aka kama Leb Landau a watan Afrilu na 1938, a ranar ya sake rubutawa. Bayan shekara guda ya rubuta wa Firayim Minista Molotob cewa Landau kaɗai zai iya bayyana sirrin abin da ya gano game da hiliyom. Aka saki Landau bisa lamunin Kapitsa, ya kuwa yi bayanin a 1941, wanda ya jawo masa lambar Nobel a 1962.

Abin lura a nan shi ne dabararsa. Bai taɓa shiga jam'iyyar kwaminis ba, amma kuma bai taɓa sukar gwamnati a bainar jama'a ba. Wasiƙunsa na sirri ne, kuma koyaushe yakan kafa hujja da amfanin ƙasa. Bugu da ƙari, ya mai da kansa mutumin da ba a iya yi sai da shi, domin na'urar da ya ƙera ta samar da iskar oksijin mai yawa ta yi wa masana'antu amfani a Yaƙin Duniya na Biyu.

Faɗuwarsa da Dawowarsa

A watan Agusta na 1945 aka sa shi cikin kwamitin ƙera bom na nukiliya, wanda Labirenti Beriya, shugaban 'yan sandan ciki, ke jagoranta. Kapitsa ya rubuta wa Sitalin yana kuka da yadda Beriya ke wulakanta masana, har ya kwatanta shi da shugaban makaɗa wanda bai san kiɗan ba, ya kuma nemi a sallame shi. An sallame shi a watan Disamba, sa'an nan a 1946 aka tuɓe shi daga dukkan manyan muƙamansa. Ba a kama shi ba, amma ya yi shekaru a gidansa na ƙauye a wajen Mosko, yana gwaje-gwaje a wani ɗan ɗaki da ya gyara. Bayan mutuwar Sitalin da kashe Beriya a 1953, aka mayar masa da cibiyarsa a 1955.

Sai a 1966 ya sake ganin Kambirij, bayan shekaru 32. Tsufa bai sauya halinsa ba, domin a 1973 ya ƙi sa hannu a takardar da masana suka rubuta ta la'antar Andire Sakarob, a 1980 kuma ya rubuta wa hukuma yana kare shi. Ya sami lambar Nobel a 1978, ya rasu a Mosko ran 8 ga Afrilu, 1984.

Kammalawa

Rayuwar Kapitsa ta nuna cewa ilmi na iya ba mai shi bakin magana a gaban mai mulkin kama-karya, amma gwargwadon bukatar da ake da ita gare shi. Waɗanda ya ceto kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗanda suka halaka, kuma aikinsa ya ƙarfafa gwamnatin da ta hallaka su. Duk da haka, masana da yawa sun sami irin matsayinsa, suka yi amfani da shi wajen kare kawunansu kawai. Kapitsa kuwa ya jingina nasa matsayin, har da ransa, don ya fitar da wasu daga kurkuku, kuma da aka zo batun mutuncinsa ya yarda ya rasa muƙami.