Klaus Fuchs: Masanin da ya miƙa wa Tarayyar Sobiyet sirrin bam ɗin nukiliya

Shekara huɗu kacal Amurka ta yi tana riƙe da makamin ƙare dangi ita kaɗai a duniya. Cikin waɗanda suka kawo ƙarshen wannan fifiko akwai Klaus Fuchs, masanin kimiyyar fiziks da ya yi aiki a tsakiyar shirin ƙera bam ɗin.

An haifi Fuchs ranar 29 ga Disamba, 1911 a garin Rüsselsheim na Jamus. Yana ɗalibi ya shiga jam'iyyar Kwaminis, kuma da Hitler ya hau mulki a 1933 ya tsere zuwa Birtaniya, inda ya yi digirin digirgir a Jami'ar Bristol.

A 1941 aka ɗauke shi aiki a shirin sirri na Birtaniya na ƙera bam ɗin nukiliya. Ba a jima ba ya fara miƙa bayanai ga jami'an leƙen asirin Sobiyet, domin a ganinsa bai dace a ɓoye wa ƙasar da ke gwabzawa da sojojin Hitler wannan ilimi ba.

A 1944 ya isa Los Alamos da ke Amurka, inda ake haɗa bam ɗin. Ya yi aiki a kan lissafin yadda za a matse sinadarin fulutoniyam har ya tarwatse. A watan Yunin 1945 ya damƙa wa wani ɗan aike mai suna Harry Gold bayanin tsarin bam ɗin, makonni kafin gwajin farko na ranar 16 ga Yuli.

Ranar 29 ga Agusta, 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada nata a Semipalatinsk, kuma ƙirarsa kusan ɗaya ce da wanda aka jefa wa Nagasaki. Daga nan lissafin yaƙi ya sauya: duk wadda ta fara harbawa ta san ramuwa na nan tafe. Tsoron juna ya zama katangar da ke tsakaninsu, sai dai ya haifar da gasar tara makamai. Birtaniya ta yi gwajinta a 1952, Faransa a 1960, China kuma a 1964.

Asirin Fuchs ya tonu bayan da Amurka ta warware saƙonnin sirrin Sobiyet. Ya amsa laifinsa a Janairun 1950, kotu a Landan ta yanke masa ɗaurin shekara 14, aka kuma ƙwace masa takardar zama ɗan Birtaniya. Bayan shekara tara aka sake shi, ya koma Jamus ta Gabas ya ci gaba da bincike a cibiyar nukiliya ta Rossendorf.

Ya mutu ranar 28 ga Janairu, 1988. Har gobe masana tarihi na jayayya kan yawan lokacin da ya rage wa Sobiyet, amma sun yarda cewa ko babu shi da ta ƙera bam ɗin.