Vauban: injiniyan da ya kare tashar Brest, ya kuma rasu littafinsa na haramce

Sébastien Le Prestre de Vauban shi ne babban maginin ganuwa na Sarki Louis na 14 na Faransa. Ya shafe fiye da shekara 50 yana aikin soja, ya halarci kewayen birane kusan 50, ya gina ko ya gyara ganuwa da sansanoni sama da 100. Amma a ƙarshen rayuwarsa, fada ta haramta wani ɗan littafi da ya rubuta kan harajin talakawa.

An haife shi a watan Mayun 1633 a wani ƙauye na yankin Morvan, wanda a yau ake kira Saint-Léger-Vauban. Gidansu na masu ƙaramar sarauta ne, amma babu dukiya. A 1651 ya shiga rundunar Yarima Condé, wanda ke tawaye ga sarki. Sojojin sarki suka kama shi a 1653, aka lura da basirarsa, aka jawo shi ɓangaren gwamnati. A 1655 aka naɗa shi injiniyan sarki.

Sunansa ya fito a yaƙin 1667, inda ya ji rauni a kunci a Douai, tabon da ya bi shi har kabari. Bayan an ci birnin Lille a wannan shekara, shi aka bai wa aikin gina babban sansaninsa mai siffar tauraro, wanda yake tsaye har yanzu. A Maastricht kuma, a 1673, ya sa aka riƙa haƙa ramuka jere-jere ana matsawa kusa da ganuwa a hankali, sojoji na ɓoye a ciki, har birnin ya miƙa wuya cikin mako biyu. Abin da aka san shi da shi ke nan: ya fi son a zubar da gumi wajen haƙa a kan a zubar da jinin soja. A 1678 ya zama shugaban ayyukan ganuwa na ƙasar baki ɗaya.

Barazana daga teku

Faransa na da doguwar gaɓa, manyan abokan gabarta kuwa, Ingila da Holan, ƙarfinsu a ruwa yake. Vauban ya bi tashoshin jiragen ruwa ɗaya bayan ɗaya. A Dunkerque ya gina sansani a cikin teku don tsare ƙofar tashar. A Saint-Malo ya tsara ƙananan sansanoni a kan duwatsun da ke gaban birnin. A kogin Gironde, hanyar shiga Bordeaux, ya tsara uku: ɗaya a kowace gaɓa, ɗaya a tsibirin tsakiya, domin igwar zamanin ba ta iya harbi daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Brest ce ta fi ɗaukar hankalinsa, don nan ne babban mazaunin jiragen yaƙin Faransa a tekun Atilantika. Duk jirgin da zai shiga tashar sai ya ratsa wani matsattsen mashigi da faɗinsa bai kai kilomita biyu ba. Vauban ya girka igwogi a ɓangarorin biyu, wasu can ƙasa daf da ruwa don su fasa cikin jirgi, wasu a kan tudu. Ya kuma hango cewa abokin gaba mai wayo ba zai tunkari mashigin kai tsaye ba. Zai sauke sojoji a Camaret da ke kusa, ya zagayo ta tudu, ya ƙwace igwogin ta baya. Don haka ya fara gina hasumiya a bakin ruwan Camaret.

Ranar 18 ga Yunin 1694

A wannan shekara manyan jiragen yaƙin Faransa sun tafi Bahar Rum, Brest ta zama babu mai tsaronta ta ruwa. Ingila da Holan suka shirya farmaki, amma labari ya riga su isa fadar Faransa. Sarki ya ɗora wa Vauban kwamandancin Brest, ya isa a watan Mayu. Cikin ƴan makonni ya sa aka haƙa ramuka a bakin gaɓa, aka ƙara igwogi, aka tara sojoji da mayaƙan sa-kai na ƙauyuka. Hasumiyar Camaret ba a ma gama ta ba, amma aka ɗora mata bindigogi.

Da safiyar 18 ga Yuni jiragen Admiral Berkeley suka buɗe wuta, Janar Thomas Tollemache ya jagoranci saukar sojoji a daidai wurin da Vauban ya yi hasashe. Wuta ta tarbe su daga hasumiya da kuma ramukan gaɓa. Ana cikin haka ruwa ya janye, kwale-kwalensu da dama suka maƙale a yashi. Ɗaruruwa suka mutu, aka kama wasu ɗaruruwa. Tollemache ya ji mummunan rauni, ya cika bayan an mayar da shi Plymouth. Ko jirgi ɗaya bai shiga Brest ba.

Littafin da fada ta ƙi

Yawon duba ganuwa ya kai Vauban lungu-lungu na ƙasar, kuma mutum ne mai rubuta duk abin da ya gani: yawan jama'a, gonaki, dabbobi, farashin hatsi. Ya ga yunwar 1693 da 1694 da idonsa. Ya ga manomi na biyan haraji har ya rasa iri, alhali masu sarauta da manyan coci an yafe masu mafi yawansa. Tun a 1689 ya rubuta yana roƙon a dawo da mabiya ɗarikar Furotesta da sarki ya tilasta wa gudun hijira, yana nuna cewa ƙasar ta yi asarar ƴan kasuwa, masu sana'a da matuƙan jirgi. Ba a saurare shi ba.

A 1703 aka ba shi muƙamin marshal, mafi girma a sojan Faransa. Shekara huɗu bayan haka ya buga littafinsa La Dîme royale a asirce, ba da izinin sarki ba. A ciki ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na ƙasar ya koma bara, ya kuma ba da shawarar haraji guda a kan abin da kowa ya samu, wanda ba zai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, babu wanda za a ɗauke wa. Waɗanda ke cin moriyar tsohon tsari suka taso. A watan Fabrairun 1707 majalisar sarki ta ba da umarnin ƙwace littafin. Vauban, wanda ciwon ƙirji ya daɗe yana damu, ya rasu a Faris ranar 30 ga Maris 1707, yana da shekara 73.

Sansanonin Dunkerque an rushe su bisa yarjejeniyar Utrecht ta 1713, domin Ingila ta sa hakan cikin sharuɗɗan sulhu. Gatan haraji da ya nemi a soke kuwa sai da juyin juya halin 1789 ya zo aka kawar da shi. A 1808 Napoleon ya sa aka kai zuciyarsa ginin Invalides da ke Faris. A 2008 hukumar UNESCO ta sanya wurare 12 daga cikin ayyukansa a jerin kayan tarihi na duniya, ciki har da jar hasumiyar Camaret da sansanonin kogin Gironde.