Diyego Ribera, ɗan ci-ranin da ya koma gida da sana'a

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani mai zane na ƙasar Meksiko, Diyego Ribera, wanda ya yi shekara 14 a ƙasashen Turai, kana ya koma gida ya amfani mutanensa.

An haife shi a garin Gwanahwato a shekarar 1886. Tun yana ƙarami ba ya barin bangon gida ya huta da zane. Mahaifinsa bai buge shi ba, sai ya ware masa ɗaki guda inda zai yi ta zanensa. Yana da shekara 10 ya shiga lakkwal ta zane a babban birnin ƙasar. A 1907 gwamnan jihar Berakurus ya ba shi kuɗin karatu, ya tafi Ispaniya, daga nan ya zarce Pari. Can ya yi ta zana hotunan mutane, ya zauna da manyan gwanaye irin su Pikaso. A 1920 ya je Italiya, ya duba yadda mutanen dā sunka ƙawata bango: ana shafa fenti tun yaɓen farar ƙasa yana ɗanye, in ya bushe sai launin ya zama jikin bangon.

A 1921 ya koma gida. Lokacin nan ƙasar ta fito daga yaƙin juyin juya hali, kuma mafi yawan talakawa ba su iya karatu ba. Ministan ilimi, Hose Baskonselos, ya ba masu zane bangayen gidajen gwamnati domin jama'a su ga tarihinsu da ido. Daga 1923 zuwa 1928 Ribera ya yi zane fiye da 100 a ma'aikatar ilimi: manoma, masaƙa, masu haƙar ma'adini, mata a kasuwa, da malama tana karantarwa a fili. Manomin da bai san baƙi ba ya shigo ya gane kansa a bango. A 1929 ya soma zana tarihin ƙasar a fadar gwamnati, kuma a shekarar ya auri Firida Kalo, ita ma gwanar zane.

Sunansa ya kai Amurka. A birnin Ditiroyit, tsakanin 1932 da 1933, ya yi zane 27 na leburorin ma'aikatar motoci. Amma a Niyok ya gamu da cikas. Shi ɗan gurguzu ne, sai ya sa fuskar Lenin a zanen da iyalan attajiri Rokafela sunka ba shi kwangila. Anka ce ya goge, ya ƙi. Anka biya shi, anka sallame shi, a 1934 anka farfashe zanen. Ya koma Meksiko ya sake yin sa a shekarar.

Bai bar zana hotunan masu hali ba, kuma kuɗin da yake samu ya zuba su wajen tara kayan tarihi na kakanninsa, waɗanda ya bar wa ƙasarsa. Ya rasu a 1957.

Ƴan uwa da ke Legas, Abijan da Kumasi, abin da muke so ku riƙe ke nan: kuɗin ci-rani na ƙarewa kafin damina ta faɗi, amma sana'ar da mutum ya koyo tana zama a gari. Duk wanda ya iya gini, walda ko gyaran famfo, ya tuna da yaran garinmu. Allah ya maido ku lafiya.