Gimbiya Diana da Waɗanda Aka Guda

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe da lura cewa sunan da al'umma ke laƙaba wa cuta yakan zama hukunci a kan mai ɗauke da ita. Mu nan mun kira ƙanjamau da kabari kusa, wato mun binne mutum tun yana numfashi. Wannan ne ya sa nake ganin rayuwar Diana, Gimbiyar Wales, ta cancanci a waiwaye ta.

An haife ta ranar 1 ga Yuli, 1961, a Sandringham ta ƙasar Ingila, ta kuma auri Yarima Charles a 1981. A lokacin ne cutar ta ɓulla, tsoro ya game gari. Da yake akasarin waɗanda ta fara kamawa a Ingila 'yan luwaɗi ne, ƙyamar sai ta ninka: wasu aka kore su daga aiki, wasu daga gidajen haya, wasu kuma danginsu suka juya musu baya.

A watan Afrilun 1987 Diana ta buɗe ɗakin jinyar masu ƙanjamau a asibitin Middlesex da ke Landan, ta miƙa hannu ba safa ta gaisa da majinyaci. Shi kansa mutumin bai yarda a ɗauki fuskarsa a hoto ba, saboda gudun tsangwama. Wannan musabaha ta isar da saƙon da likitoci suka daɗe suna nanatawa, cewa taɓa jiki ba ya yaɗa cutar. A 1989 ta rungumi wani yaro mai ɗauke da ita a asibitin Harlem na birnin New York. A 1990 kuwa ta zo Maiduguri, inda ta gaisa da kutare hannu da hannu.

Daga 1992 ta zama uwar ƙungiyar Centrepoint, mai bai wa matasa marasa matsuguni wurin kwana, har takan kai 'ya'yanta irin waɗannan gidaje don su ga yadda wasu ke rayuwa. Da aurenta ya mutu a 1996 ta ajiye kusan duk ƙungiyoyin da take jagoranta, ta riƙe shida kacal, ciki har da Centrepoint da gidauniyar yaƙi da ƙanjamau da ta kula da kutare. Ta rasu a haɗarin mota a Paris ranar 31 ga Agusta, 1997, tana da shekara 36.

Masu suka sun ce neman suna take yi. Ko da hakan ne, mai karatu, sunan ta kai shi inda ake da buƙatarsa. Yau akwai magungunan da ke sa mai ƙanjamau ya yi tsawon rai, amma wanda aka kora daga gida da wuya ya iya shan su a kan kari. Ba sai ka amince da halin mutum ba kafin ka ba shi inuwa, kuma wannan hakki ne da har yanzu yake wuyanmu.