J. EDGAR HOOVER: MA'AIKACIN GWAMNATIN DA YA RIƘE ASIRIN 'YAN SIYASAR AMURKA SHEKARA 48

A ƙasar Amurka kowace shekara huɗu jama'a sukan fita su zaɓi shugaban ƙasa, kuma tun daga shekarar 1951 tsarin mulkinsu ya hana a zaɓi mutum ɗaya fiye da sau biyu. Amma an yi wani ma'aikacin gwamnati wanda bai taɓa tsayawa takara ba, ba kuma wanda ya taɓa jefa masa ƙuri'a, duk da haka ya riƙe kujera ɗaya har shekara 48, ya yi aiki da shugabanni takwas, daga Calvin Coolidge zuwa Richard Nixon. Wannan mutum shi ne John Edgar Hoover, shugaban Hukumar Binciken Manyan Laifuffuka ta Tarayya, watau FBI. Tarihinsa ya cancanci kowane ma'aikaci da kowane ɗalibi ya yi nazarinsa, domin ya nuna yadda ofishin da aka kafa don tsaron jama'a yake iya komawa yana gadin su kamar abokan gaba.

An haifi Hoover a birnin Washington ranar 1 ga Janairu, 1895. Mahaifinsa ma'aikaci ne a ofishin zanen taswira na gwamnati. Yaron ya tashi da in'ina, amma ya yi ta horar da harshensa har ya zama gwanin muhawara a makarantar sakandare. A shekarar 1913 ya sami ƙaramin aiki a Babban Laburaren Majalisar Dokoki, da rana yana aiki, da dare yana karatun lauya a Jami'ar George Washington. A wannan laburare ne ya koyi yadda ake jera katuna bisa tsari, ta yadda za a gano littafi ɗaya a cikin miliyoyi ba tare da ɓata lokaci ba. Wannan sana'a ita ce ya ɗauka daga baya ya yi amfani da ita a kan mutane. Ya gama karatunsa a 1917, a shekarar kuma ya shiga Ma'aikatar Shari'a, daidai lokacin da Amurka ta faɗa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bai taɓa yin aure ba, kuma ya zauna tare da mahaifiyarsa a gidan da aka haife shi har ta rasu a 1938.

Farkon Ɗaukakarsa

Ranar 2 ga Yuni, 1919, bama-bamai suka tashi a birane takwas na Amurka, ɗaya daga cikinsu a ƙofar gidan Antoni Janar, A. Mitchell Palmer. A lokacin tsoron kwaminisanci ya cika ƙasar saboda juyin juya halin Rasha na 1917. Palmer ya kafa sashe na musamman don bin sawun masu tsattsauran ra'ayi, ya damƙa shi ga Hoover, wanda shekarunsa 24 ke nan. Cikin ɗan lokaci saurayin ya tara katuna masu ɗauke da dubun dubatar sunaye. Da waɗannan sunaye aka yi kamen Nuwamba 1919 da na Janairu 1920, inda aka cafke dubban mutane a birane fiye da 30, da yawansu ba tare da takardar sammaci ba. Galibinsu daga baya aka sake su don rashin hujja.

Shi Palmer ido ya sa wa kujerar shugaban ƙasa a zaɓen 1920. Ya yi shelar cewa masu tsattsauran ra'ayi za su yi bore ranar 1 ga Mayu. Ranar ta zo ta wuce lami lafiya, jaridu suka yi masa dariya, jam'iyyarsa ta Dimokurat kuma ta ba James Cox tuta. Maigida ya faɗi, amma yaronsa ya tsira da aikinsa. A waɗannan shekaru ne kuma Hoover ya sa Marcus Garvey a gaba, watau shugaban baƙar fata wanda jaridarsa ke isowa har Afirka ta Yamma. An same shi da laifin zamba ta hanyar gidan waya a 1923, aka ɗaure shi a 1925, sa'an nan aka kore shi zuwa Jamaika a 1927.

Ranar 10 ga Mayu, 1924, sabon Antoni Janar, Harlan Fiske Stone, ya ba Hoover riƙon hukumar binciken, wadda cin hanci da sa bakin 'yan siyasa suka zubar wa mutunci. Stone ya gindaya sharaɗi: aikin hukumar shi ne binciken masu karya doka, ba ruwanta da ra'ayin siyasar kowa. Hoover ya amince. Gaskiya ne ya yi gyara mai yawa. Ya sallami ragwaye da 'yan alfarma, ya fifita ɗaukar waɗanda suka yi karatun lauya ko na akanta, ya tattara hotunan zanen yatsu na ƙasar a wuri ɗaya a 1924, ya buɗe ɗakin binciken kimiyya a 1932, da makarantar horar da 'yan sanda a 1935, shekarar da hukumar ta sami sunan FBI. Kashe ƙasurgumin ɗan fashin bankuna John Dillinger a Chicago a 1934 ya sa sunan Hoover ya shiga kowane gida.

Daga Farautar Ɓarayi Zuwa Gadin 'Yan Siyasa

Sharaɗin Stone bai yi tsawon rai ba, kuma ba Hoover kaɗai ya warware shi ba. A 1936 Shugaba Franklin Roosevelt ya umarce shi a asirce da ya riƙa tattara labarin 'yan kwaminis da masu goyon bayan Nazi. A 1940, shekarar zaɓe, fadar shugaban ta tura masa sunayen mutanen da suka aiko da telegiram suna sukar manufar Roosevelt ta tsaro. Ta haka ƙofa ta buɗe. Duk da haka ya kamata a ambata cewa lokacin da gwamnati ta yanke shawarar tsare kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan a 1942, Hoover na cikin 'yan ƙalilan ɗin manyan jami'an da suka ce babu dalilin yin haka.

Shugaba Harry Truman bai saki jiki da shi ba, don yana tsoron kada FBI ta zama 'yan sandan ciki irin na Hitler. Da aka kafa hukumar CIA a 1947, leƙen asirin ƙasashen waje ya kuɓuce wa Hoover. Amma Yaƙin Cacar Baka ya ƙara masa ƙarfi a cikin gida. Hukumarsa ta binciki ma'aikatan gwamnati, da malaman jami'a, da marubuta, da 'yan wasan silima, ta kuma ajiye jerin sunayen mutanen da za a kama idan an shiga halin ta-ɓaci, wanda a wani lokaci ya kai mutum 26,000. A 1956 ya fara wani shiri na ɓoye mai suna COINTELPRO. Manufarsa ta wuce sa ido kawai, ta kai ga tarwatsa ƙungiyoyi: a cusa musu 'yan rahoto, a rubuta wasiƙun ƙarya marasa sa hannu, a haɗa shugabanni faɗa, a raba mutum da aikinsa ko da matarsa. An fara da Jam'iyyar Kwaminis, a 1964 aka haɗa da ƙungiyar farar fata masu wariyar launi ta Ku Klux Klan, a 1967 ƙungiyoyin baƙar fata, a 1968 kuma ɗalibai masu adawa da yaƙin Biyetnam.

Mai karatu zai yi tambaya: me ya hana shugabanni su cire shi? Dalili na farko shi ne farin jininsa wurin jama'a da 'yan majalisa. Na biyu, kowane shugaba yana cin moriyar rahotannin da yake kawowa. Na uku kuwa tsoro ne. Misali, tun 1942 FBI take ajiye da faifan hirar John Kennedy, lokacin yana ƙaramin hafsan sojan ruwa, da wata 'yar jarida 'yar ƙasar Denmark wadda aka yi zargin tana da hulɗa da Nazi. Da Kennedy ya ci zaɓen 1960, cikin sanarwarsa ta farko har da cewa Hoover zai ci gaba da aikinsa. A 1964 kuma Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a wani umarni na musamman da ya keɓe shi daga dokar yin ritaya a shekara 70.

Martin Luther King da Zaɓen 1964

Babu wanda Hoover ya tsana kamar Dakta Martin Luther King, jagoran masu neman 'yancin baƙar fata. A Oktoba 1963 Antoni Janar Robert Kennedy ya ba da izinin satar jin tarhon King, bisa hujjar cewa wani mai ba shi shawara tsohon ɗan kwaminis ne. Hukumar ta zarce da ɗana na'urorin sauraro a ɗakunan otal ɗin da yake sauka. A Nuwamba 1964 Hoover ya ƙaryata King a gaban 'yan jarida, kuma a cikin watan aka aika masa da wasiƙa marar sa hannu tare da faifan abin da aka naɗa, makonni kaɗan kafin ya karɓi lambar yabo ta Nobel. King da abokansa sun fahimci cewa ana tunzura shi ne ya kashe kansa.

A Agustan wannan shekara, lokacin babban taron jam'iyyar Dimokurat a Atlantic City, wakilan baƙar fata daga jihar Mississippi sun zo suna ƙalubalantar wakilan farar fata zalla da jihar ta turo. Johnson, don gudun abin da zai ɓata masa taro, ya nemi taimakon FBI. Aka tura ayarin jami'ai suka saurari tarhon King da ofishin masu fafutukar, suna kai wa fadar shugaban rahoto a kai a kai. Har wa yau fadar ta nemi a duba mata fayilolin ma'aikatan Barry Goldwater, ɗan takarar jam'iyyar Rifablikan. A zaɓen 1968 ma Johnson ya sa aka saurari ofishin jakadancin Biyetnam ta Kudu, don yana zargin mutanen Nixon suna hana ruwa gudu a shawarwarin sulhu. Ke nan hukumar da ake biya da harajin kowa ta zama idon wanda ke kan mulki a lokacin zaɓe. Amma kuma ita ce a 1964 ta gano gawarwakin matasa uku masu rajistar masu zaɓe da aka kashe a Mississippi, ta kuma karya lagon ƙungiyar Klan a jihar.

Ƙarshen Zamaninsa

Da tsufa ya zo, Hoover ya fara taka-tsantsan don kare sunan hukumarsa. A 1966 ya hana jami'ansa fasa gidaje da ofisoshi a ɓoye. Ko da yake ya yarda ya saurari tarhon jami'an gwamnati da 'yan jarida 17 bisa buƙatar fadar Nixon tsakanin 1969 da 1971, a 1970 ya ƙi amincewa da wani shiri na faɗaɗa leƙen asirin cikin gida, har Nixon ya janye shi. A 1971 Nixon ya kira shi da niyyar ya sa shi ya yi ritaya, amma ya kasa.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A daren 8 ga Maris, 1971, yayin da hankalin duniya ke kan damben Muhammad Ali da Joe Frazier, wasu mutum takwas masu adawa da yaƙi suka fasa ƙaramin ofishin FBI a garin Media na jihar Pennsylvania, suka kwashe takardu fiye da 1,000, suka aika wa jaridu. A nan Amurkawa suka fara ganin irin aikin da ake yi da sunansu. A watan Afrilu Hoover ya rufe COINTELPRO. Hukumar ba ta taɓa kama mutanen ba, sai a 2014 wasunsu suka bayyana kansu.

Hoover ya mutu a gidansa a Washington ranar 2 ga Mayu, 1972, yana da shekara 77, yana kan aiki. An ajiye gawarsa a zauren Majalisar Dokoki don girmamawa. Sakatariyarsa, Helen Gandy, wadda ta yi masa aiki shekara 54, ta lalata fayilolinsa na kansa. Bayan mako shida da 'yan kwanaki, ranar 17 ga Yuni, aka kama mutum biyar a ofishin jam'iyyar Dimokurat da ke ginin Watergate ɗauke da na'urorin sauraro, abin da ya kai Nixon ga yin murabus a Agusta 1974.

Wannan abin kunya ya sa Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin bincike a 1975 a ƙarƙashin Sanata Frank Church. Rahotonsa na 1976 ya nuna cewa hedkwatar FBI kaɗai ta buɗe fayiloli fiye da 500,000 na leƙen asirin cikin gida, kuma an amince da ayyuka 2,370 a ƙarƙashin COINTELPRO. Antoni Janar Edward Levi ya shaida wa majalisa cewa an sami fayiloli 164 da Hoover ya keɓe a ofishinsa, wasunsu a kan shugabanni da 'yan majalisa. A 1976 aka yi dokar da ta ƙayyade wa shugaban FBI wa'adin shekara goma, a 1978 kuma aka kafa kotu ta musamman wadda sai da izininta za a saurari wanda ake zargi da yi wa wata ƙasa aiki. Muhawarar ba ta mutu ba: ta sake tashi bayan harin 11 ga Satumba, 2001, da kuma a 2013 lokacin da Edward Snowden ya tona yadda ake tattara bayanan tarhon miliyoyin Amurkawa.

Masu yabon Hoover suna cewa shi ya mayar da aikin bincike sana'ar ƙwararru. Masu sukarsa suna cewa ya mai da saɓanin ra'ayi laifi. Duka biyun suna da hujja. Abin lura ga ma'aikaci da ɗalibi shi ne, Hoover bai yi wannan ƙarfi shi kaɗai ba. Shugabannin jam'iyyun biyu sun yi amfani da shi don biyan buƙatar zaɓensu, majalisa kuma ta yi shekaru tana ba shi kuɗi ba tare da ta nemi ganin abin da ke cikin fayilolinsa ba. Sai bayan ya kau ne aka yi dokokin da suka kamata a yi tun yana da rai.